Ƙugin da Ya Cinye Muryar Malam

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga gida, Birnin Kudu.

Zuwa ga Mai-sunan-Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta uba, wadda ba a yi mata ado, tare da fatan takardar nan ta same ka ka riga ka sauka Kaduna lafiya, ka ga masauki, ka sa wani abu a ciki. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka riƙa shiga gidajen jama'a da ƙafar dama ka fito da mutuncinka.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna a ƙasan jakarka. Shekara ashirin da shida muna gida ɗaya, ban taɓa zaunar da kai na yi maka maganar da ta kai tsawon shan shayi ba. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya biyu ke nan a kaina. Mu da muka tashi tsakanin garke da allo ba a koya mana kiran sunan ɗan fari ba, balle yabonsa a gaban idonsa. Mahaifiyarka ce ta tsare ni shekaranjiya ta ce, "Malam, yaron nan tafiya zai yi. In bakinka ba zai iya ba, ai hannunka na da lafiya." Na ce to me zan rubuta? Ta ce, "Abin da kake cika mini kunne da shi kullum in ya fita." Ka san ta, ba a cin ta a gardama, shi ya sa na ɗauko biro.

A ƙarƙashin ledar dakuwar da ta zuba maka za ka ga wani tsohon kaset a naɗe cikin hankici. Tafsirin kakanka ne, shi kaɗai ne aka taɓa ɗauka a duniya. In ka sami rikoda ka sa shi, ba za ka ji muryarsa ba, ƙugi kawai za ka ji. Ni na jawo haka, kuma waya ce ta jawo mini. Tunda aikin da ka samu na haɗa wa mutane kayan sauti ne a falukansu, gara ka ji yadda aka yi daga bakina, da sauran wautar da na tafka bayan wannan.

Ina ɗan kamar shekarunka a lokacin, ina da rumfar gyaran rediyo a bakin kasuwa a nan Birnin Kudu. Malam, wato kakanka, yana Gwaram, yana karantarwa a zaurensa, da azumi kuma ya yi tafsiri bayan la'asar a masallacin da ke tsallaken gidan. Bai taɓa son sana'ata ba. Cewa yake na ajiye allo na koma hira da ƙarfe. Shekara uku ina roƙonsa ya bar ni in ɗauki tafsirinsa, yana cewa karatu a ƙirji ake ajiye shi. A azumin da ya zama na ƙarshe gare shi, Inna, kakarka, ta sa baki, ya yarda. Amma rana ɗaya tak, ranar rufewa, kuma da sharaɗin kada ya ga akwatin a gabansa. Makirufo kaɗai ya amince da shi, shi ma sai da na lulluɓe shi da ƙyalle.

Saboda haka na ajiye rikoda a zauren gida, taku sittin daga inda yake zama. Ba ni da waya mai wannan tsawon, sai na harhaɗa guntaye uku na naɗe mahaɗan da salatif. Irin wayar nan ce da kowa ya sani, mai jijiya biyu: ɗaya a tsakiya mai ɗauke da murya, ɗaya kuma ragar da ta kewaye ta. Akwai wayar wuta da aka jawo daga maƙwabta don fankokin masallaci. Don kada tsofaffi su yi tuntuɓe, na bi na ɗaure wayata a jikinta da zare, tun daga farko har ƙarshe, gwanin sha'awa. Har wani dattijo ya yaba mini tsaftar aiki, na ji kaina ya yi girma.

Malam ya fara, na ga allurar rikoda tana rawa, na ce shi ke nan. Ban saurara ba. Da aka gama na naɗe kaset na ba Inna ta sa a cikin kwalla, na ce kada kowa ya taɓa, don ina tsoron rikoda ya tauna shi. Bayan babbar sallah Malam ya kwanta, kwana tara Allah Ya karɓi abinsa. Ranar sadakar bakwai na tashi a gaban dangi na ce ina da abin da zai sanyaya mana zuciya. Aka yi tsit, mata suka matso bakin ƙofa, na danna. Sai ƙugi, irin na injin niƙa in yana nesa. Can ƙasa ana jin alamar mutum na magana, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. Baffanka Sale ya ce, "Yaya, ƙara masa murya mana." Na ƙara, ƙugin ya ƙaru. Inna ta taso ta kara kunnenta a jikin rikoda, ta daɗe a haka, sannan ta koma ɗaki. Ni kuwa na ce kaset ɗin ne jabu, na zagi wanda ya sayar mini. A lokacin ban ma san ainihin abin da ya faru ba, amma na san ban saurara ba, kuma ban faɗi wannan ba.

To ga abin da nake so ka riƙe daga nan. Waya mai jijiya biyu ba mugun abu ba ce, gajeriyar tafiya kawai ta iya. Sautin da ke fitowa daga makirufo ko daga bayan na'ura ɗan ƙanƙane ne, in ka tura shi nesa a cikinta, duk abin da ta tsinta a hanya za ta haɗa masa, na wayar wuta ne, na fanka ne, na firji ne. Amfilifaya kuwa, mai ƙara wa sauti ƙarfi, ba ya tambayar wanne ne murya wanne ne ƙugi, gaba ɗaya zai ɗaga su. Kada ka taɓa jera ta da wayar wuta don neman kyan gani. In ya zama dole su haɗu, ka sa ta gitta ta wuce. Sannan duk aikin da ka yi, kafin ka ɗauki jakarka, ka zauna inda maigidan zai zauna, ka kashe waƙa, ka ɗaga murya, ka saurari shirun. Allura da fitila ba su da kunne, kai ne mai shi.

Sai bayan shekaru, na je Kano sayen kaya, na faɗa rumfar wani dattijo da ya taɓa aikin gidan rediyo. Ya ga ina auna doguwar waya mai jijiya biyu, ya ce, "Ɗana, ina za ka kai wannan?" Na ce masallaci. Ya girgiza kai, ya ɗauko wata ya fere ta a gabana. Jijiya biyu ce a murɗe da juna, ga raga ta uku a waje. Ya ce wannan ita ce kuke ji ana kira balans, mai kai irin na kanon, ƙafa uku. Ya ce na'urar da ke aikawa tana sa muryar a jijiyoyin nan biyu, ɗaya a miƙe, ɗaya a kife. Duk ƙugin da ya shigo a hanya, tunda a murɗe suke tare, daidai wa daida zai shige su. Na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kaɗai take saurara. Da ya ga na yi sororo sai ya ce, "Ka taɓa ganin sikelin mahauta a cikin ruwan sama? Ruwa ya zuba a kwano biyun daidai, allura ta motsa?" Na ce a'a. Ya ce, "To haka ƙugi yake a nan. Nama kaɗai ake aunawa."

Na zauna a bencinsa, a nan na gane abin da ya cinye muryar Malam. Makirufon da na yi aiki da shi a ranar na aro ne, mai ƙafa uku, ni na cire kan na sa nawa don ban ga amfanin ta ukun ba. Na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Na bar maganar a kan kaset ne jabu.

Daga nan sai na faɗa wauta ta biyu, wadda ta fi kusa da aikin da za ka yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na tsani waya mai jijiya biyu, na zama mai wa'azin kanon. Duk wanda ya zo rumfata, ko batir ya zo saye, sai ya ji labarin sikelin mahauta. Ana haka Alhaji Bala mai shanu ya gina sabon falo, ya sayo kayan sauti, ya aiko a kira ni. Na'urar faifai ce da amfilifaya, ɗaya a kan ɗaya a cikin kabad, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba. Dukkansu ramukan ja-da-fari gare su, irin na waya mai jijiya biyu, kuma da 'yar wayarsu suka zo a kwali. Na ɗaga ta da yatsa biyu na ce, "Alhaji, wannan ba ta dace da falonka ba." Na kawo kanon masu kaurin igiyar ɗaure sa, na nemo kawunan canji na maƙala a kowane gefe don su shiga ramin ja-da-fari. Bayan kabad ɗin ya cika har ba ya rufuwa.

Alhaji ya ji daɗi, don shi duk abu mai kauri yana burge shi. Amma akwai wansa, Malam Idi, makaho ne, yana zaune a kan darduma yana jan carbi. Aka kunna karatu, Alhaji ya ce, "Yaya, ka ji yadda ya washe?" Malam Idi ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Ni dai abin da na ji jiya shi nake ji yau. Sai dai in kunnena ne ya tsufa." Alhaji ya yi dariya ya ce tsufa ne. Ni na san ba tsufa ba ne. Kwana biyu abin na cina, na tambayi dattijon nan na Kano da na koma, ya yi mini dariya har da tari. Ya ce wayar ba ita ke kashe ƙugi ba, na'urorin da ke bakinta biyu ne. In mai aikawa bai san kifewa ba, mai karɓa bai san auna bambanci ba, to ƙarin jijiyar nan zaman banza take, kan canjin ma ya riga ya haɗe ta da raga. Na koma gidan Alhaji na kwance kayana, na mayar masa da 'yar wayarsa, na faɗa masa gaskiya. Ya ɗan ɓata rai, ya fi son masu kaurin. Malam Idi kuwa har ya rasu in ya ji muryata sai ya ce, "Mai igiyar sa, yaya aiki?"

A inda za ka, irin su Alhaji Bala sun fi yawa, kuma za a sami masu gaya maka ka ɗora musu abin da ya fi tsada tunda ba su sani ba. Kada ka yarda. In na'urori suna kusa da juna, cikin kabad ɗaya, ja-da-fari mai kyau ta wadatar, ka faɗa wa maigida haka ko da zai raina ka. In tafiyar doguwa ce, daga falo zuwa wani ɗaki, ko zuwa lasifika mai amfilifayarsa a ciki can ƙarshen bango, kuma gefe biyun suna da ramin kanon, to nan ne wurinta. Ka duba bayan na'ura kafin ka duba fuskar mai ita. Ka kuma lura, sau da yawa ramin kanon ya fi na ja-da-fari ƙarfin sauti, mutum ya ji ƙara ya ɗauka kyau ne ya ƙaru. Ka daidaita muryar biyun tukuna, sannan ka bar shi ya zaɓa. A kowane gida akwai Malam Idi, ko bai yi magana ba yana ji.

Ta uku gajeriya ce, amma ita ta kusa sa ni ɗaukar alhakin rai. A wani masallaci wajen Surko, amfilifaya na cikin soket ɗaya, mikisa, wato na'urar haɗa muryoyi, na cikin wani, ƙugi ya ƙi tafiya. Na gano in na cire doguwar ƙafar fulogi, wadda ke kai wuta ƙasa, sai ya yi shiru. Na sa filaya na karya ta, na karɓi addu'a na tafi. Da damina ta sauka, ladan ya zo kiran azahar da ƙafa a jiƙe, ya kai baki kusa da makirufo, wuta ta ja shi a leɓe. Allah Ya kiyaye, kumburi kawai ya yi. Ya hau mashin har rumfata, leɓe kamar an cusa goro, ya ce, "Malam Haruna, shekara talatin ina kiran salla, yau ce rana ta farko da salla ta kira ni." Mutane suka yi ta dariya, ni ban yi ba. Ƙafar nan ta ƙasa ba ado ba ce, ita ke tsaye tsakanin mutum da ajali in wani abu ya lalace a ciki. In ka ji irin wannan ƙugin, ka mayar da na'urorin kan soket ɗaya, ko ka nemi wata dabara, amma kada hannunka ya taɓa ta. Gidajen da za ka shiga akwai yara masu rarrafe.

Yanzu na zo kan wadda ta sa na ɗauki biro, kuma kai ma kana ciki, sai dai rabi ka sani.

Ka tuna azumin bara, da gwiwoyin Inna suka hana ta fita. Shekara da shekaru tana zama bayan labule a masallacin nan na Gwaram tana jin tafsiri, tun na Malam har na Baffanka Sale da ya gaje shi. Lasifikan waje ba sa isar mata ɗaki da kyau, iska ta kwashe rabi. Ta ce mini, "Haruna, kai da kake kai magana kunnen gari, ka kasa kawo mini ita ɗakina?" Na ce Inna an gama. Amfilifayan masallaci na ɗauke da lasifika huɗu, in na ƙara masa zai ƙone, ita kuma tana son abin da za ta murɗa da hannunta. Sai na ajiye mata ƙaramin amfilifaya da lasifika a gefen gado, na ce zan jawo sauti daga bayan na masallaci. Na duba, gefe biyun duk ja-da-fari ne. Na tuna darasin gidan Alhaji Bala, na ce kanon ba ta da aiki a nan. Na sayo mai jijiya biyu mafi kyau, na ja ta taku sittin, a kan hanyar da na bi shekara talatin da suka wuce.

Kana tsaye a zaure, a gaban Baffanka da mutane, ka ce a hankali, "Baba, da an sa ɗan akwatin taransifoma a kowane gefe, sai a ja mai jijiya uku a tsakani. Na masallaci ya mayar da shi balans, na ɗakin Inna ya dawo da shi. Kuma tunda masallaci na kan sola, gida na kan wutar gari, akwatin zai raba su." Ban taɓa aiki da akwatin nan ba, kuma ɗan fari ne ke gyara mini a bainar jama'a. Ko kallonka ban yi ba, na dubi Baffanka na ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Aka yi dariya. Ka sunkuyar da kai ka ɗauko mini tsani.

Aka kunna, ƙugi ya fito. Ba kamar na kaset ba, ana jin magana, amma yana nan a ƙarƙashinta bai fasa ba. Na ce amfilifayan ne, na canja. Na ce lasifika ne, na canja. Kwana ashirin ina zirga-zirga a mashin tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da bakin azumi, ina canja duk abin da ba shi da laifi. Ina sane da cewa maganarka ce gaskiya tun kwana na uku. Girman kai ne kawai, kuma Hausawa sun riga sun faɗi irin rawanin da yake. Tsohuwa kuma tana can tana murɗa abu, in ta ɗaga ƙugi ya dame ta, in ta rage ba ta ji.

Ranar ashirin ga wata na shiga gaishe ta, na tarar ta kashe shi, alhali Baffanka na tsakiyar karatu. Na ce, "Inna, ya kika kashe?" Ta ce, "Haruna, zauna." Na zauna a bakin tabarma. Ta ce, "Ƙugin nan na san shi. Shi ne ya cinye mini Malam ranar bakwai. Ba kaset ba ne, ko?" Na ce, "Ba kaset ba ne, Inna." Ta ce, "Na daɗe da sani. Ban ce komai ba ne don na ga kai ma maraya ne. Amma wancan ya wuce, wannan kuwa ina raye. Goman ƙarshe ta shigo, ban san ko zan ga wata ba." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin sauƙi irin na ranar ba, don na sauke kayan da na shekara talatin ina ɗauke da shi.

Na dawo gida. Da namiji ne ni sosai da na kira ka na ce ka yi gaskiya. Abin da na iya shi ne na ce wa mahaifiyarka, "Ki gaya wa wancan, gobe ya ɗauko akwatunan nan nasa." Ta dube ni ta ce, "Wanne wancan? Wanda ko ya hau rimi?" Na ɗauki hulata na fita.

Washegari da hantsi ka haɗa komai, ni ina riƙe maka tsani. Ka raba wayar da ta wuta, ka bi da ita ta kan katanga, ka yi dalmar kawunan a tsanake. Ina kallon hannunka ina cewa a raina wannan ya fi ni. Ba ka ce "ai na faɗa" ba, ko da ido. Wannan halin ka riƙe shi a wurin aiki, don za ka haɗu da manya masu taurin kai irina, kuma wanda ka rufa wa asiri ranar da ya yi kuskure ba ya mantawa. Amma ta ɗaya gefen kada ka gaje ni. In wanda bai kai ka ba ya nuna maka hanya, ka gwada tasa a ranar, kada ka bari sai tsohuwa ta yi asarar kwana ashirin.

Ga rabin da ba ka sani ba. Da ka gama ka ce in je ɗakin Inna in kunna, kai za ka gwada makirufo a masallaci. Na kunna, na ɗaga murya har ƙarshe, ban ji komai ba. Shirun ya yi yawa har na ɗauka waya ta tsinke, na miƙe zan fito. Sai ka yi gyaran murya. Ba ka ce "ɗaya, biyu" irin namu ba, ka ja bismilla ka fara Suratul Mulk. Muryar ta fito tas, har numfashinka ana ji, kamar kana zaune a bakin gadon.

Inna ta ajiye carbinta. Ta kama hannuna, abin da ba ta yi ba tun ina yaro, ta ce, "Haruna, wane ne wannan?" Na ce Mai-sunan-Malam ne. Ta ce, "Ka ji inda yake tsayawa? Ka ji yadda yake jan ƙarshen aya?" Na ji. Ba ka taɓa ganin kakanka ba, an haife ka bayan rasuwarsa, amma muryarsa ce, har da 'yar dishewar nan ta ƙasa. Kullum ina jin ka kana karatu a gida ta bayan bango, cikin hayaniyar ƙannenka, ban taɓa lura ba, sai da tsaftatacciyar waya ta kawo mini kai. Muka zauna ni da ita hawaye na zuba, har ka kai aya ta goma ka tsaya ka ce, "Baba, ana ji?" Na goge fuska na leƙo ta taga na ce, "Ba laifi." Abin da ka samu daga gare ni ke nan a ranar, kuma shi ya sa nake rubuta wannan.

Inna ta ji goman ƙarshe cif, ba ta rasa ko rana ɗaya ba, kuma ga ta nan Allah Ya bar mana ita. Wayar na nan inda ka bar ta, ban taɓa ba, ba na bari kowa ya taɓa. Ni yanzu hankalina a kwance yake. Rumfa na tafiya, idona na ganin dalma har yanzu, akwatin taransifoma kuma guda shida ne a cikin kabad ɗina, duk wanda ya zo sai ya ji labarinsa, kamar ni na ƙirƙiro shi. Mahaifiyarka ta ce wa'azin kanon ya ƙare, an shiga na akwati.

Kaset ɗin ka riƙe shi a wurinka. Kada ka wahalar da kanka da na'urorin zamani wajen neman tace shi, na kai shi wurare an gwada, ƙugin ya riga ya gauraya da muryar tun a hanya. Ka ajiye shi inda kake ajiye kayan aiki, duk ranar da gaggawa ko son burgewa ta ce ka ja waya yadda ka ga dama, ka dube shi. In kuma kana son jin yadda kakanka yake, ba sai ka nemi rikoda ba, ka yi alwala ka buɗe Alƙur'ani.

Inna ta ce in gaya maka, azumi mai zuwa in Allah Ya kai mu, ka nemi hutu ko na kwana uku ne. Baffanka ya riga ya yarda kai za ka ja masa baƙi ranar rufewa. Ni zan ɗauka, kuma wannan karon zan saurara kafin kowa ya tashi.

Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka yi sallama kafin ka shiga gidan mutane, ka share ɓawon waya kafin ka fita. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce kada ka rabar da dakuwar gaba ɗaya. Ƙannenka na gaishe ka. Allah Ya kiyaye ka daga sharrin wuta da sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa albarka a hannunka, Ya dawo mana da kai lafiya. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini maganar rimi.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haruna mai rediyo.